Darasin Kimiyya: Tafiyar Kayan Ɗaki Daga Kano Zuwa Tsibiran Niyu Zilan

Ɗalibai, a buɗe littafi, a fito da abin lissafi. Yau za mu ɗauki awon girma da nauyi mu ɗora shi a kan wata matsala da mutane ke fama da ita a zahiri. Mu ƙaddara wata ma'aikaciyar jinya a Kano ta samu aiki a birnin Oklan na ƙasar Niyu Zilan, za ta tashi da maigidanta da yara, kuma suna son tafiya da kayan ɗakinsu. Niyu Zilan tarin tsibirai ce a kudu maso yammacin tekun Fasifik, manyansu guda biyu, kuma tsakaninta da Ostireliya akwai ruwa na kusan kilomita 2,000. Ba tirela, ba jirgin ƙasa. Duk abin da zai shiga ƙasar sai ta tashar jiragen ruwa ko filin jirgin sama, kuma a kowace ƙofa akwai mai jiransa da takarda.

Da za ku tambayi iyalin nan abin da ya fi tayar musu da hankali, kwastan za su ce. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Kuɗin fito shi ne mai sauƙi, sau da yawa ma ba a biyan ko sisi a kan tsofaffin kayan gida. Abin da ke cinye kuɗi da kaya shi ne filin da kayan suka tare, da ruwan da ke ɓoye cikin katako da katifa, da ƙwarin da suka biyo kayan ba wanda ya gayyace su.

Fili ake saya a jirgin ruwa

Kwantenar da kuke gani a bayan tirela ba ta daɗe a duniya ba. A ranar 26 ga Afrilun 1956 wani mai motocin dakon kaya a Amurka, Malcom McLean, ya ɗora akwatunan ƙarfe 58 a kan jirgin Ideal X daga Newark zuwa Houston. Daga baya aka daidaita awonsu a duk duniya, shi ya sa kwantenar da aka loda a Apapa take zama daram a kan mota a Oklan.

Ku rubuta awon cikin kwantena mai ƙafa 20: tsawo mita 5.9, faɗi mita 2.35, tsayi mita 2.39. Ku ninka su. Kun samu kusan kubik mita 33, wato akwati mai mita ɗaya ta kowane ɓangare har sau 33. Mai ƙafa 40 tana da kusan 67. Amma kujera da gado ba sa jeruwa kamar bulo, sai an bar gurbi nan da can, don haka abin da masu loda kayan gida ke iya cusawa a mai ƙafa 20 yakan tsaya tsakanin 25 da 28.

Yanzu nauyi. Kwantenar kanta tana da kusan kilo 2,200, kuma an yarda ta kai kilo 30,480 idan an cika ta. Kayan gida kuwa, idan aka haɗa su gaba ɗaya, kowane kubik mita bai wuce kilo 100 da ɗoriya ba. Ashe kubik mita 28 tan 3 ne kawai. Kwantena ta cika maƙil, alhali ba ta ɗauki ko kashi ɗaya cikin tara na ƙarfinta ba.

Idan kayan iyalin ba su kai cika kwantena ba, za a haɗa su da na wasu. A nan kamfanonin dako suna da ƙa'ida: kubik mita ɗaya daidai yake da kilo 1,000, wanda ya fi yawa a cikin biyun shi ake yi wa kuɗi. Ɗauki katifa mai ƙafa shida-shida, kaurin inci goma. Mita 1.83 sau 1.83 sau 0.25, ya ba mu 0.84. Da ƙyar nauyinta ya kai kilo 30, amma za a biya mata kuɗin kilo 840. Katan na littattafai mai santimita 40 da 30 da 30 girmansa 0.036 ne, nauyinsa kamar kilo 20. Ko shi, duk da nauyin takarda, bai kamo ƙa'idar kilo 1,000 ba. A jirgin sama ana lissafa kubik mita a matsayin kilo 167, katifarmu ta zama kilo 140, kuma kuɗin kilo a sama ba wasa ba ne.

Daga lissafin nan kun ga abin da ya cancanci a ɗauka. Tukwane da kwanukan da ke shiga cikin juna, keken ɗinki, littattafai, tufafi, duk sun biya kuɗin wurinsu. Gado sai an kwance shi, durowa sai an cika cikinta. Katifar soso da kujerun falo masu kumburi, in da za a bi shawarata, a sayar ko a bar wa 'yan'uwa, domin iska ce kawai za a biya wa kuɗin jirgi.

Wani zai ce, malam, tun da nauyi ba shi ne kuɗi ba, me ya sa ake auna kwantena? Saboda dokar Arkimidis: abu yana yawo a kan ruwa idan ruwan da ya ture ya kai nauyinsa. Kubik mita na ruwan teku kilo 1,025 ne, ya ɗan fi na kogi saboda gishiri, kuma ruwan ɗumi ya fi na sanyi sakayau. Don haka jirgi ɗaya da kaya ɗaya yakan nutsa fiye a wani ruwan. Layukan da ake zanawa a gefen jirgi, masu ɗauke da sunan Samuel Plimsoll, ɗan majalisar Ingila da ya yi fafutukar dokar 1876, suna nuna iyakar lodi a kowane irin ruwa. Sannan dole masu nauyi su zauna ƙasa, marasa nauyi a sama, in ba haka ba jirgi ya karkace. Tun 1 ga Yulin 2016 ba a ɗora kwantena a jirgi sai da shaidar tabbataccen nauyinta.

Ku gwada dokar a kan kwantenarmu. Girmanta ta waje kusan kubik mita 38 ne, za ta iya ture tan 39 na ruwa, ita kuwa da kayan duka tan 5 ne da 'yan kai. Idan ta faɗa teku, kusan kashi ɗaya cikin bakwai ne zai nutsa, sai a hankali ruwa ya riƙa shiga ta ƙofofin iska da bakin murfi. An ga haka a Niyu Zilan ɗin kanta: ranar 5 ga Oktoban 2011 jirgin Rena, ɗauke da kwantena 1,368, ya hau kan dutsen ruwa kusa da tashar Tauranga, kwantenoni suka yi ta yawo har gaɓa. Allah ya kiyaye, amma inshora ba almubazzaranci ba ce. Akwai ma tsohuwar dokar teku da ta ce idan aka yi asara ko aka kashe kuɗi don ceton jirgi, duk masu kaya a ciki za su yi karo-karo gwargwadon darajar kayansu. An yi aiki da ita lokacin da jirgin Ever Given ya toshe mashigin Suwez a Maris ɗin 2021. Mai inshora kamfaninsa ke biya, marar ita daga aljihunsa, kuma ba a sakin kayansa sai ya ba da jingina.

Ruwan sama a cikin akwatin ƙarfe

Wannan sashe ku nutsu, domin a nan kaya suka fi lalacewa.

Kun san yadda gorar zoɓo mai sanyi ke yin gumi idan aka fito da ita daga firiji. Ba daga cikin gorar ruwan ya fito ba, daga iska ne. Iska tana ɗauke da tururin ruwa, kuma yawan da za ta iya riƙewa ya dogara da zafinta. A digiri 30, kubik mita na iska yana riƙe giram 30. A digiri 20, giram 17. A digiri 10, giram 9 da ɗan kai. Idan iska ta huce har ta kasa riƙe abin da ke cikinta, ragowar sai ya zama raɓa a kan duk abin da ya fi sanyi.

Mu ce an rufe kwantenar a Legas da damina, zafi digiri 30, iska ta cika da kashi 80 cikin 100 na danshin da za ta iya ɗauka. Giram 24 ke nan a kowane kubik mita. Sau 33, kusan giram 800. Babu jirgi kai tsaye zuwa Oklan, sai an sauke an sake lodi a wata babbar tasha irin ta Singafo, tafiyar takan ci wata biyu ko fiye. Idan aka isa a watan Yuli, lokacin sanyin can ne, domin ƙasar tana kudu da tsakiyar duniya. Da dare ƙarfe ya sauko digiri 10, iskar ciki ba za ta riƙe fiye da giram 310 ba. Kusan rabin lita ya taru a rufi, ya riƙa ɗiga.

Rabin lita ba abin tashin hankali ba ne. Babban rumbun ruwan shi ne kayan da kansu. Katako, kwali, auduga da fata suna shan danshi daga iska har sai sun daidaita da ita. A iska mai danshi kashi 80, katako yana riƙe ruwa kusan kashi 16 cikin 100 na busasshen nauyinsa. A danshi kashi 65, kusan kashi 12. Idan a kwantenar akwai katako kilo 500, saukowa daga 16 zuwa 12 yana nufin lita 20. Da rana rufin ƙarfe ya ɗau zafi, cikin kwantena ya haura digiri 50, kaya su saki tururi. Da dare tururin ya zama raɓa ya zubo. Gobe haka, jibi haka, har makonni takwas. Funfuna kuwa da zarar danshi ya daɗe sama da kashi 70 ta samu gida, kuma takalman fata da littattafai take fara ci.

Maganin duk daga wannan lissafi ya fito. A loda kaya a bushe, kada a wanke darduma jiya a naɗe ta yau. A kashe firiji kwanaki kafin lodi, a bar ƙofarsa a buɗe ya tsane. A rataye jakunkunan shanye danshi a bangon kwantena. Ƙananan ƙullin silika da kuke gani cikin kwalin sabon takalmi suna shan kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsu, amma na gishirin kalsiyam kulorayid suna shan fiye da nauyinsu gaba ɗaya, su ake so a doguwar tafiya. Kada a ƙunshe katako mai laima a leda, an kulle shi ke nan da ruwansa. Keken ɗinki da sauran ƙarafa a shafa musu mai, domin iskar teku tana ɗauke da gishiri, ruwan gishiri kuma yana wuce da lantarki cikin sauƙi, wanda shi ke hanzarta tsatsa.

Mutumin Kano yana da gata a nan idan ya yi lodi da hunturu, lokacin da iska ta bushe ƙayau kuma katako ba ya riƙe fiye da kashi 5 ko 6. Kwantenar da aka rufe a Kano a Janairu ta fi wadda aka rufe a Legas a Yuli aminci nesa ba kusa ba. Sai dai gatan yana da wutsiya. Durowar da kafinta ya haɗa a bushewar Kano za ta sha danshin Oklan ta kumbura, aljihunta ya ƙi buɗuwa. Katako yana kumbura ta faɗinsa, kusan ba ya ƙaruwa ta tsawo, shi ya sa ƙofofi ke cijewa ta gefe.

Kayan wuta ba su da matsala sosai: Niyu Zilan tana amfani da bolt 230 da bugu 50 a daƙiƙa kamar Najeriya, bakin filogi ne kawai ya bambanta. Tukunyar gas, fenti da janareta mai fetur a ciki ba sa shiga kayan gida, suna cikin kaya masu haɗari.

Fasinjan da bai biya kuɗin jirgi ba

Ƙasar Niyu Zilan ta rabu da sauran manyan ƙasashe kusan shekaru miliyan 80 da suka wuce. Kafin zuwan ɗan Adam, babu dabba mai shayarwa a doron ƙasarta sai jemagu. Tsuntsaye irin su kiwi da kakapo suka rayu ba mai farautarsu a ƙasa, har suka daina tashi. Da mutane suka zo, ɓeraye suka biyo su. Turawa suka kawo zomaye, zomaye suka addabi makiyaya, sai a shekarun 1880 aka kawo wata dabba mai kama da tunku don ta cinye su. Ta ga tsuntsun da ba ya tashi ya fi zomo sauƙin kamu. Har yau ana biyan bashin wannan kuskure, kuma a 2016 gwamnati ta sa wa kanta wa'adin 2050 don kawar da irin waɗannan mafarauta.

Ƙa'idar kimiyyar ita ce: baƙon halitta a tsibiri yakan bar maƙiyansa a gida, ya tarar da abincin da bai san kare kai ba. Tsibirin Guam ya ga haka. Wani maciji launin ƙasa ya ɓuya cikin kayan soja bayan yaƙin duniya na biyu, cikin 'yan shekaru gommai ya ƙarar da akasarin tsuntsayen dajin tsibirin.

Saboda haka a 1993 Niyu Zilan ta yi dokar kare ƙasa daga baƙin halittu, kuma ma'aikatar da ke kula da noma da kiwo tana da jami'anta a kowace tasha, daban da na kwastan. Ba sa wasa. A Fabrairun 2018 sun kori manyan jiragen dakon motoci da suka taso daga Japan saboda an ga wani ƙwaro mai ɗoyi da ke lalata 'ya'yan itace. Sun kuma ɗanɗana kuɗarsu: a shekarar 2000 aka gano 'yar mitsitsiyar kaskar varroa a amyar zuma kusa da Oklan, kuma ba ta fita ba har yau.

To ku leƙa kwantenar iyalinmu da idon wannan jami'i. Turmi da taɓarya katako ne, zai nemi ƙananan huda da garin da ƙwaro ke zubarwa. Tabarma, faifai, kwando da ƙwarya tsiro ne. Buzu fatar dabba ce. Turaren wuta itace ne. Duk sai an bayyana su a takarda, a duba, wani a sake shi, wani a sa masa zafi ko hayaƙin magani da kuɗin mai kaya, wani a ƙone. Zuma ba ta shiga. Kilishi ba ya shiga, domin ƙasar ba ta taɓa samun ɓarkewar cutar baki da kofato ba, ga shi madara da nama su ne ƙashin bayan abin da take sayarwa waje. Don wannan dalili ake juya takalmi a duba ƙasansa, a leƙa tayar keken yara: ɗan ɓurɓushin laka yana iya ɗaukar iri, ƙwai ko ƙwayar cuta. Ragowar hatsi a gindin buhu ma abin tsoro ne, saboda ƙwaron kafra da ke cin hatsi a rumbunan ƙasashe masu zafi, har da namu. Tsutsarsa tana iya laɓewa a tsagin katako ta yi shekaru ba ci. Idan an yi wa kaya akwatin katako, dole ya kasance da hatimin da ke nuna an gasa shi har cikinsa ya kai digiri 56 na minti 30, ko an yi masa hayaƙin magani, bisa ƙa'idar duniya ta 2002.

Jakar fatar mesa ko ta kada kuwa wata doka ce daban ta kama ta, yarjejeniyar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wadda ta fara aiki a 1975. Ba takardar izini, ƙwacewa ake yi.

Sai kuɗin fito

Wanda ke da izinin zama, ko izinin aiki na aƙalla wata 12, kuma ya shafe wata 21 kafin isowarsa a wajen ƙasar, yana shigo da kayan gidansa ba haraji, muddin nasa ne, ya yi amfani da su, kuma ba na sayarwa ba ne. Mota tana da nata sharuɗɗa, kuma can ta hagu ake tuƙi, don haka motar Najeriya a bar ta gida.

Inda mutane ke jawo wa kansu shi ne sayayyar bankwana. A shiga kasuwa sati ɗaya kafin tafiya, a sayo sabbin kujeru da talabijin, a loda su da ledarsu. Sabon abu bai cika sharaɗin amfani ba. Turmi talatin na atamfa da ba a ɗinka ba kuma, jami'i haja zai kira su.

Idan haraji ya hau, ga yadda ake yi. Kowane kaya yana da lamba a tsarin Hukumar Kwastan ta Duniya da ya fara aiki a 1988: katifa 9404, firiji 8418, keken ɗinki 8452. Lambar ce ke nuna kaso. A Niyu Zilan akasarin kaya sifili ne, wasu kashi 5, wasu kashi 10. Sai harajin GST, kashi 15 tun Oktoban 2010. Mu ce sabbin kujerun sun kai dalar can 2,000, rabonsu na kuɗin jirgi da inshora 400, kasonsu kashi 5. Kuɗin fito a kan farashin kaya kaɗai ake ɗora shi: 100. GST kuwa a kan komai: 2,000 da 100 da 400, jimla 2,500, kashi 15 ɗinsa 375. Za a biya 475, kusan kashi 24 na farashin kujerun. Ku lura da abu biyu. An ɗora haraji a kan haraji. Kuma kuɗin jirgi ya shiga lissafi, ashe kaya mai kumburi sau biyu yake cin mai shi.

Takardu su riga jirgi isa: jerin abin da ke cikin kowane katan, takardar lodi, fasfo da rasit na sabbin kaya. Kwanakin da tasha ke bayarwa kyauta kaɗan ne, bayan su kuɗin jinkiri, wato damarej, ya fara hawa kullum.

Aikin gida

Tsibirin Malta yana bin dokar Tarayyar Turai. Can ana yafe haraji ga wanda ya zauna wata 12 a wajen Tarayyar kuma ya yi amfani da kayan aƙalla wata 6. Bambancinsu da Niyu Zilan shi ne kuɗin fito ana ɗora shi a kan farashi haɗe da kuɗin jirgi da inshora, sannan harajin VAT kashi 18 ne. Ku ɗauki alƙaluman kujerun nan, ku ƙaddara kaso 5 ɗin bai canza ba, ku lissafa jimlar da za a biya. Na biyu, kowa ya auna babban abu guda a ɗakinsu da tef, ya fitar da kubik mitarsa, ya ƙiyasta nauyinsa, ya faɗi ko da girma za a yi masa kuɗi ko da nauyi. A kawo ranar Litinin.